Ga Ɗana Mai Neman Bakin Zare



Ɗana, saƙonka ya iso, na kuma karanta shi a natse. Ka ce ka gama jami'a, ka yi bautar ƙasa, ka yi yawon kai takardu ofis-ofis har ka gaji. Ka taɓa sayar da katin waya, ka taɓa koyarwa a makarantar kuɗi, yanzu kuma kana zaman shagon gyaran waya, amma har yau zuciyarka ba ta kwanta a kan abu guda ba. Daga ƙarshe ka tambaye ni yadda mutum yake gane abin da Allah ya nufe shi da yi a duniya.

Tambayar ta yi mini daɗi, domin wanda bai damu da inda ya dosa ba shi ne abin tausayi. Amsarta gajeriya ce, bayaninta ne mai tsawo. Mutum yana gane hanyarsa ne yana cikin aiki, zuciyarsa na dogare da Allah, kuma sau da yawa wani na kusa da shi ne yake riga shi hango ta. Saboda haka a kan abu uku zan yi maka magana: imaninka, juriyarka, da mutanen da ka jawo kusa da kai. A kan na ukun zan fi daɗewa, don shi ne samarin yanzu suka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Tun kana makarantar allo aka koya maka cewa arzikin bawa rubutacce ne, babu mai cin rabon wani. Haka yake. Sai dai wasu sun fake da wannan gaskiya sun naɗe hannu. Ka tuna mutumin nan da ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya ɗaure raƙumarsa ko kuwa ya sake ta ya dogara ga Allah, aka umarce shi ya ɗaure ta sannan ya dogara. Mu ma a nan mun gaji cewa zomo ba ya kamuwa daga zaune. Sai ka yi abin da yake hannunka tukuna, sannan ka bar wa Allah abin da yake nasa.

Babban amfanin imani ga mai neman hanya shi ne yana raba shi da ciwo biyu, gaggawa da hassada. Na san kana buɗe Facebook ko TikTok ka ga wanda kuka zauna aji ɗaya ya ɗora hoton mota, wani ya ɗora na sabon gida, sai ka ji kamar an tafi an bar ka. Wanda ya sakankance rabonsa ba zai wuce shi ba, zai yi wa abokinsa murna da zuciya ɗaya ya koma bakin aikinsa. Wanda kuwa bai sakankance ba, shi ne 'yan "kawo goma ka karɓi ɗari" suke samu, shi ne cacar waya take cinyewa. Ga ma'auni mai sauƙi: duk hanyar samun da ba za ka iya zayyana wa mahaifiyarka ita a fili ba, to ba ita Allah ya nufe ka da ita ba, ko nawa take kawowa.

Ka riƙe istihara. Raka'a biyu ce ta nafila, sai addu'ar da aka koyar, ka ambaci buƙatarka a ciki. Mutane da yawa sun ɗauka sai sun yi mafarki sun ga fari ko kore kafin su san an amsa, alhali malamai sun bayyana cewa mafarki ba sharaɗi ba ne. Ka yi istihara da bakinka, ka yi shawara, sannan ka sa ƙafa. In alheri ne za ka ga al'amura suna sauƙaƙa ko da a hankali, in kuwa ba alheri ba ne Allah zai kawar da kai daga gare shi, ko da a lokacin ranka ya ɓaci. Ita kuwa shawara, a kai ta inda ta dace. In noman rani kake so, je ka zauna da waɗanda suka shekara suna ban ruwa a Kadawa ko Kura, su gaya maka abin da tumatir yake yi wa manomi ranar da kasuwa ta cika. In yadi ne, ga dattawa nan a Kantin Kwari da suka ga hawa da saukar farashi tun ba a haife ka ba. Abokan hira suna da daɗin zama, amma ba su san abin da ba su taɓa yi ba.

Ka yi kukan cewa shekaru suna tafiya. To dubi rayuwar Fiyayyen Halitta (SAW). Yana matashi ya yi kiwon tumakin mutanen Makka a kan lada kaɗan. Da ya girma ya shiga fatauci. Wahayi bai sauko masa ba sai da ya cika shekara 40, a kogon Hira, a shekarar 610. A cikin waɗancan shekaru ne mutanen Makka suka gwada shi a ciniki da ajiya har suka sa masa suna Al-Amin, kuma da wannan shaida ya tsaya a gabansu ranar da ya kira su. Annabi Musa (AS) ma ya yi shekaru yana kiwo a Madyana kafin a aike shi ga Fir'auna. In zaɓaɓɓun Allah sun bi ta kiwo da kasuwa, kai kar ka raina teburin da kake zaune a kai. Wataƙila ba nan za ka ƙare ba, amma a nan ake gwada amanarka. Ana bar maka waya da hotunan iyalin mutane a ciki. Ana ba ka kuɗin sikirin na asali, babu mai ganinka in ka sa jabu. Abin da ka yi a irin wannan wuri shi ne sunan da zai bi ka duk inda ka koma.

Ko a ƙasarmu ga misali. An haifi Alhassan Ɗantata a Bebeji a 1877. Mahaifinsa ya rasu yana ƙaramin yaro, mahaifiyarsa ta koma Ankara ta ƙasar Gana ta yau, wata tsohuwa mai suna Tata ta riƙe shi, sunanta ne ma duniya ta san shi da shi har yau. Ya yi shekaru yana fataucin goro tsakanin Gwanja da ƙasar Hausa, tafiyar watanni, da haɗarin 'yan fashi da ɓarnar kaya. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyada ya buɗe, a 1918 ya fara saya wa kamfanin Turawa gyada, lokacin ya haura shekara 40. Da ya rasu a 1955 ana lissafa shi a sahun gaba na attajiran Afirka ta Yamma. Mutane suna tuna dalar gyada, suna mance shekarun goro. A shekarun goron nan ne ya san hanya, ya san mutane, ya san wanda za a ba kuɗi ya dawo da kaya. Da ƙofa ta buɗe, a shirye ta same shi.

Wannan ya kawo mu kan juriya. Ka taɓa tsayawa ka kalli masu haƙar rijiya? In mutum ya haƙa gaba biyu a nan ya ce babu ruwa, ya koma can ya haƙa gaba uku ya bari, zai cika fili da ramuka bai sha ko kurɓi ba. Sai an daure an fasa marmara kafin a ga damshi. Amma ka lura, na cikin ramin ba shi kaɗai yake aiki ba. Akwai wani a baki riƙe da igiya, yana jawo ƙasar da aka haƙo, yana sauke masa ruwan sha, kuma shi ne yake ganin in gefen ramin ya fara tsagewa ya ce masa ya fito.

Abin da na gani a saƙonka shi ne sana'a uku cikin ɗan lokaci. Ban ga laifinka ba, neman halal kake yi. Amma kowace sana'a tana da shekarun da take karɓa kafin ta fara bayarwa. Yaron gareji yakan daɗe yana miƙa sifana da wanke kayan inji kafin a bar shi ya kwance injin da kansa. Yaron tela da guga da sa maɓalli yake farawa. Wanda ya gudu a wannan tsakanin, wahalar sana'ar kawai ya sani, daɗinta bai taɓa ɗanɗanawa ba, sai ya tafi yana cewa babu komai a cikinta.

Duk da haka juriya daban, taurin kai daban. In shakka ta kama ka, ka tambayi kanka abu huɗu. Halal ce? Mutane suna amfana da ita, har wanda ka yi wa aiki ya dawo ya kawo maka wani? Kana ƙaruwa da sani, har abin da ya gagare ka bara ya zama bana ba ka ko tunaninsa? Ranar da babu ciniki, kana iya jure ta ba tare da ka tsani wayewar gari ba? In amsar e ce, ka daure ko kuɗi bai fara zuwa ba, sannu ba ta hana zuwa. In kuwa ka ba ta haƙƙinta na lokaci, ka yi iya yinka, masana suka duba suka ce ba ta karɓe ka ba, to barinta ba abin kunya ba ne. Matsalar ita ce mutum ba ya iya yi wa kansa wannan hukunci da adalci. Ranar da ya gaji komai baƙi yake gani, ranar da ya samu komai fari. Shi ya sa yake buƙatar idon wani.

Dubi Abubakar Imam. An haife shi a Kagara a 1911, ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya zama malami a Makarantar Midil ta Katsina. Da a lokacin aka tambaye shi aikinsa, da koyarwa zai ce. A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta littattafan hira da Hausa. Ya shiga yana ɗan shekara 22, ya rubuta Ruwan Bagaja. Wansa Malam Bello Kagara ma ya shiga da Ganɗoki, haka Abubakar Tafawa Ɓalewa da Shaihu Umar. East ya ga abin da ke cikin alƙalamin saurayin nan, a 1936 ya sa aka kawo shi Zariya ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce. A 1939 da aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, shi aka ba edita. Ka ga abu biyu a nan. Da aka yi shela bai ce shi malami ne kawai ba, ya gwada. Sannan Allah ya haɗa shi da wanda ya gane baiwarsa, ya ba shi wuri da lokaci, ya kuma yi masa gyara, shi kuma ya karɓi gyaran. Yau babu ɗan Hausa mai karatu da bai san sunansa ba.

Amma mafi girman misalin abokin tafiya yana gidan Annabi (SAW) ne. Nana Khadija (RA) attajira ce a Makka. Labarin amanarsa ta ji, ta ba shi dukiyarta ya kai Sham tare da yaronta Maisara, ya dawo da riba da shaida mai kyau. Ta aure shi yana da shekara 25. Shekara 15 suka yi tare kafin wahayi, tana haɗa masa guzuri in zai tafi kaɗaita a Hira. Ranar da ya dawo jikinsa na rawa ya ce a lulluɓe shi, ka duba abin da ta yi. Ta lulluɓe shi har tsoron ya lafa. Ta saurare shi har ya gama. Sannan ta rantse masa cewa Allah ba zai taɓa tozarta shi ba, ta kuma kawo hujjarta daga halayensa da ta sani: yadda yake riƙe zumunci, yadda yake ɗaukar nauyin marasa ƙarfi, yadda yake karɓar baƙo, yadda yake tsayawa da wanda musiba ta auka wa. Daga nan ta ɗauke shi ta kai shi wurin ɗan baffanta Waraƙa ɗan Naufal, wanda ya san littattafan da suka gabata, don ya ji daga bakin masani. Ita ce ta fara ba da gaskiya da shi. Da Ƙuraishawa suka ƙaurace musu na kusan shekara uku a kwarin Abu Ɗalib, tana ciki, ita da ta saba da wadata. Ta rasu kimanin shekara uku kafin Hijira, a shekarar da Abu Ɗalib ya rasu, shekarar da ake kira ta baƙin ciki. Har ƙarshen rayuwarsa bai daina ambatonta ba, in an yanka akuya yakan aika wa ƙawayenta.

Ka ga matakan nan huɗu? Kwantar da hankali, sauraro, tuna wa mutum alherin da ke cikinsa da gaskiya, da kai shi wurin wanda ya fi sani. Wannan shi ne aikin abokin tafiya, mace ce ko namiji.

Bari in juya ga matarka, 'yata, don na san tare za ku karanta. 'Yata, Allah ya yi miki albarka. Na san zama da mijin da bai gama tsayawa da ƙafarsa ba sai mai haƙuri. Akwai ranar da zai shigo hannu rabbana, fuska a murtuke. A irin wannan rana, kalma ɗaya daga bakinki tana iya mayar da shi kasuwa gobe da ƙarfinsa, wata kalmar kuma tana iya karya shi. Kar ki auna shi da mijin ƙawarki. Sirrin aljihunsa kar ya fita gidan biki. Amma ban ce ki riƙa yi masa daɗin baki ba. In kin ga yana shirin zuba jarinsa a inda bai sani ba, ki gaya masa, ku biyu, bayan ya ci abinci ya huta. In kin ga wani abu da ya iya wanda shi bai lura ba, ki faɗa masa, domin ke kike ganinsa a lokacin da babu wanda yake yi wa ado. Dukiyarki kuwa taki ce, shari'a ta ba ki. In kin ga dama kin ba shi kuɗin adashinki ya ƙara jari, ki faɗa tun farko ko bashi ne ko kyauta, don kar alheri ya zama abin gori wata rana.

Kai kuma ɗana, kar ka karanta labarin Nana Khadija ka ɗauka tallafi daga ɓangare ɗaya yake zuwa. Ita ma matarka Allah ya ajiye wani abu a cikinta, kuma za a tambaye ka yadda ka yi da shi. Ka san tarihin Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. An haife ta a 1793, tana yarinya aka yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu a 1804, ta tashi cikin yaƙi da yunwa da ƙaura. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, aminin Muhammadu Bello kuma wazirinsa. Gidan waziri gida ne mai hidima da baƙi, ga 'ya'ya, amma a cikinsa ta yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa. A cikinsa ta kafa tsarin 'Yan Taru: takan zaɓi mata masu hankali da natsuwa ta naɗa su jaji, ta ba kowace malfa da jan ƙyalle, su jagoranci tsofaffin mata da 'yan mata daga ƙauyuka su zo Sakkwato su ɗauki karatu a waƙe, su koma su koyar da na gida. Bayan rasuwar Bello a 1837, ita da mijinta suka duƙufa wajen adana tarihin Shehu da na Bello, shi yana rubutawa a zube, ita tana tsarawa a waƙe don ya shiga kunnen waɗanda ba su iya karatu ba. Ta rasu a 1864, amma karatun da ta shuka bai tsaya ba. Da Giɗaɗo irin mazan nan ne masu jin tsoron ilimin matansu, da asarar da ƙasar nan za ta yi ba ta misaltuwa.

Saboda haka ka tambayi matarka abin da take buri. In karatun ungozoma take so, ko koyarwa, ko ɗinki, ko kasuwanci daga cikin gida, ku zauna ku tsara yadda zai yiwu cikin mutunci. Ranar da take da jarrabawa, riƙe yaro ba zai rage maka komai ba. Asibitocinmu suna neman mata masu duba mata, makarantunmu suna neman malamai mata, kuma kowace daga cikinsu sai da wani uba ko miji ya tsaya mata. Gidan da mutum biyu suke ƙaruwa ya fi ƙarfin gidan da ɗaya ke ƙaruwa ɗaya na ƙonewa a ciki.

Bayan iyali sai abokai. Da Musulmi suka yi hijira zuwa Madina a 622, Annabi (SAW) ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin baƙi da 'yan gari. Abdurrahman ɗan Aufu ya iso ba shi da komai, aka haɗa shi da Sa'adu ɗan Rabi'u, wanda yake cikin masu dukiyar Madina. Sa'adu ya yi masa tayin rabin dukiyarsa. Abdurrahman ya yi masa addu'ar albarka, ya roƙe shi ya nuna masa hanyar kasuwa kawai. Ya fara da cuku da man shanu, bai daɗe ba ya yi aure da guminsa, daga baya ya zama cikin manyan attajiran sahabbai masu ciyarwa. Kowannensu ya koya mana wani abu. Sa'adu ya koya mana bayarwa ba tare da ƙyashi ba. Abdurrahman ya koya mana irin taimakon da ya kamata mutum ya nema. In ka je wurin wanda Allah ya ɗaukaka, kuɗin cefane shi ne mafi ƙanƙantar abin da zai iya ba ka. Roƙe shi ya nuna maka inda yake saro kaya, ya haɗa ka da wanda zai koya maka, ya tsaya maka a ba ka kaya bashi. Mai neman irin wannan ba a gajiya da shi.

In har ta kai ga haɗa jari da wani, to a nan ne zumunci da yawa ya mutu, don haka ka saurara da kyau. Addininmu ya tsara abin da ake kira ƙiradi: wani ya kawo kuɗi, wani ya kawo aiki. Riba ana raba ta ne bisa kason da aka amince tun farko, rabi da rabi ko ɗaya bisa uku, ba a yanke wani adadin kuɗi a ce dole sai shi kowane wata. In aka yi asara ba tare da sakaci ko saɓa sharaɗi ba, mai kuɗi ya yi asarar kuɗinsa, mai aiki ya yi asarar wahalarsa. Ku rubuta komai, ku sa shaidu, ko da uwa ɗaya uba ɗaya kuke. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Wanda ya ce maka rubutu rashin yarda ne, ka gaya masa rubutu ne yake tsare yarda, domin mantuwa da mutuwa ba sa sallama.

Mutum biyu kuma nake so ka yi hattara da su. Na farko shi ne wanda duk abin da ka kawo sai ya ce ba zai yiwu ba, ƙasar ta lalace, sai mai uwa a gindin murhu. Yana iya zama mai ƙaunarka, amma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, in ka daɗe a majalisarsa za ka wayi gari kana faɗin abin da yake faɗa. Na biyu shi ne wanda komai ka yi sai ya ce ka yi daidai. Wannan ya fi na farko haɗari, don zai raka ka har bakin rami yana tafa maka. Abokin ƙwarai yana iya ɓata maka rai yau saboda gobenka, kuma ba ya kai maganarka waje. In ka sami ɗaya tak irin wannan, ka riƙe shi hannu bibbiyu. Annabi Musa (AS) da aka ɗora masa aiki mafi nauyi, cikin abin da ya fara roƙo akwai a ƙarfafa shi da ɗan'uwansa Haruna, don ya san ya fi shi fasahar harshe. Sanin inda ka gaza da neman wanda zai cike maka, halin manya ne.

Kar kuma ka jira sai ka yi arziki kafin ka zama irin wannan ga wani. A unguwarku akwai yaron da yake zaune ba makaranta ba sana'a, kai kuwa ka iya kwance waya ka ɗaura. Jawo shi ya zauna kusa da kai. Mai koyarwa yana ƙara gane abin da ya sani, kuma wataƙila a nan ne za ka ga ko koyarwar da ka bari tana jininka ko ba ta.

Ga abin da nake so ka yi kafin watan nan ya ƙare. Ka zauna da mahaifiyarka, ka zauna da matarka, ka zauna da maigidanka na shago, kowa shi kaɗai. Ka tambaye su abin da suka ga ka fi iyawa da abin da suka ga yana ja maka baya, ka yi shiru ka saurara, kar ka kare kanka. Inda maganarsu ta haɗu, ka duba wurin da kyau. Sai ka yi istihara, ka zaɓi abu guda, ka yanka masa shekarun da za ka ba shi ba tare da waiwaye ba, ka gaya wa matarka don ta riƙa tuna maka ranar da gwiwarka ta yi sanyi. Bayan haka ka zo mu zauna, in ji abin da suka ce.

Allah ya buɗa maka ƙofofin alheri, ya sa albarka a hannunka, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya raba ka da haram komai ƙyallinta. Allah ya zaunar da ku lafiya kai da 'yata, ya sa ku zama sanyin idon juna, ya ba ku zuriya ɗayyiba. Ka gaishe mini da mahaifiyarka da kyau.

Wassalam,
Baffanka.